Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Fasahar Zamani Da Lafiyar 'Yan Haya

Gabatarwa

A cikin 'yan shekarun nan sana'ar bayar da gidaje haya ta sauya kama a manyan biranen Turai da Amurka. Littafin rasit da wakilin mai gida ya saba yawo da shi ya koma manhaja a cikin wayar hannu. Makullin ƙarfe ya koma kati ko lambar sirri. Ɗan haya kan biya kuɗinsa, ya sabunta yarjejeniyarsa, ya kai ƙarar famfon da ya lalace, duk ba tare da ya haɗa ido da ɗan'adam ba. Kamfanonin da ke sayar da waɗannan kayayyaki suna tallata su da sunan sauƙaƙa wa mai gida aiki da kuma kyautata wa mazaunin gida zamansa, kuma babu shakka akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan talla.

Amma fa ci gaba iri-iri ne, kuma kafin a yi masa guɗa ya kamata a tambaya: wa yake yi wa hidima? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ma'aunin da ya dace a auna duk wata fasahar da aka shigo da ita gidan haya shi ne lafiyar jikin wanda yake kwana a cikin ɗakin. Gida muhalli ne na halitta mai numfashi kafin ya zama jari. Domin a tabbatar da wannan ra'ayi za a duba matsalar danshi da funfuna a gidajen haya na ƙasar Ingila, inda aka sami darasi mai ɗaci, aka kuma sami na'urori da doka a lokaci guda.

Abin Da Ya Faru A Rochdale

A ranar 21 ga Disamba, 2020, wani yaro mai suna Awaab Ishak ya rasu, kwana takwas bayan ya cika shekara biyu da haihuwa. Iyayensa 'yan asalin ƙasar Sudan ne, suna zaune a wani gidan haya mai ɗakin kwana ɗaya a garin Rochdale, kusa da birnin Manchesta. Gidan mallakar Rochdale Boroughwide Housing ne, ƙungiyar da ke kula da gidajen masu ƙaramin ƙarfi fiye da 12,000. A watan Nuwamba na 2022 mai binciken musabbabin mutuwa, Joanne Kearsley, ta yanke hukunci cewa ciwon numfashi mai tsanani ne ya yi ajalin yaron, kuma tsawon lokacin da ya ɗauka yana shaƙar funfuna a cikin gidansu shi ne ya haddasa ciwon.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba a rasa labari ba. Tun a shekarar 2017 mahaifin yaron ya kai kukan funfunar, aka ce masa ya shafe ta da fenti. A watan Yuli na 2020 jami'ar lafiya mai ziyarar gidaje ta rubuta wa ƙungiyar takarda tana nuna damuwarta game da lafiyar yaron. Binciken ya nuna cewa iska ba ta fita daga gidan yadda ya kamata, domin banɗakin ba shi da taga, fankar da ke zuƙe tururi kuma ba ta aiki sosai. Da iyalin suka ɗauki lauya, sai aka dakatar da batun gyara bisa ƙa'idar ƙungiyar ta jiran a daidaita da lauyoyi tukuna. An kuma ji a gaban mai binciken cewa bayanan gidan sun warwatsu a cikin manhajoji daban-daban, ta yadda ba kowane ma'aikaci ne yake ganin abin da ɗan'uwansa ya shigar ba. Bugu da ƙari, an yi ta zaton cewa yanayin zaman iyalin ne ya jawo danshin, zaton da ƙungiyar ta nemi gafara a kansa daga baya. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin aka sallami shugabanta daga aiki.

Wannan gida ba shi kaɗai ba ne. Ƙididdigar gidaje ta gwamnatin Ingila ta nuna cewa a shekarar 2021 kimanin gidaje 904,000 ne ke fama da danshi. A cikin gidajen da masu su ke zaune a ciki, kashi 2 cikin 100 ne abin ya shafa. A gidajen haya na hukuma da ƙungiyoyi kashi 4. A gidajen haya na 'yan kasuwa kuwa kashi 11. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ke da ikon gyara bango da wanda ke shaƙar iskar ɗakin, idan suka zama mutane biyu daban, bango yakan daɗe bai ga gyara ba.

Yadda Funfuna Ke Rayuwa

Domin a fahimci abin da na'ura za ta iya yi, wajibi ne a fahimci abokin gaban. Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, saboda haka sai ta miƙa siraran zaruruwa cikin abin da ta hau, ta zubo ruwan narkarwa, ta tsotse abincin. Takardar bango da katako da fata da tufafi da ƙurar da ta kwanta a kan fenti, duk abinci ne a wurinta. Daga cikin nau'o'in da aka fi samu a gidaje akwai Aspergillus da Penicillium da Cladosporium, sai kuma Stachybotrys, baƙar funfunar da ke son wurin da ya jiƙe sharkaf.

Funfuna tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙwayoyin iri masu kama da ƙura. Na Aspergillus fumigatus faɗinsu bai wuce maikuromita 2 zuwa 3 ba, wato kashi biyu zuwa uku cikin dubu na milimita ɗaya. Ƙanƙantar nan ce ke ba su damar wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro su isa can ƙarshen huhu. Babban mutum yakan shaƙi iska fiye da lita 10,000 a yini, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Ƙaramin yaro kuwa numfashinsa ya fi sauri nesa ba kusa ba, hanyoyin iskarsa sun fi ƙunci, garkuwar jikinsa ba ta gama ƙwari ba, kuma ya fi kowa daɗewa a cikin ɗaki. Tun a shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da funfuna, inda ta nuna cewa mazauna gidaje masu danshi sun fi fuskantar tari da shessheƙa da cututtukan hanyoyin numfashi da tsanantar ciwon asma. Haka nan danshi yana raya wasu ƙananan ƙwari na ƙurar katifa, dangin kaska da gizo-gizo, waɗanda ido ba ya gani. Su waɗannan ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsar laima, kuma kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma.

Ƙwayoyin irin funfuna suna ko'ina a cikin iska, babu mai iya hana su shiga gida. Abinci ma yana nan. Abu guda da ya rage a hannun ɗan'adam shi ne ruwa. A nan ne lissafi ya shigo. Iska mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos tana iya riƙe kimanin giram 17 na tururin ruwa a kowace mita mai fuska shida, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Idan ta yi sanyi zuwa digiri 10, abin da za ta iya riƙewa kimanin giram 9 ne. Alal misali, a ɗauki ɗaki mai zafin digiri 20 wanda laimar iskarsa ta kai kashi 60 cikin 100. Mai zama a ciki ba zai ji wata damuwa ba. Amma idan bangon da ke fuskantar waje ya yi sanyi zuwa digiri 15, laimar iskar da ke manne da shi za ta haura kashi 80, wanda shi ne matakin da funfuna ke fara tsiro idan ya ɗore. Idan bangon ya sauka zuwa digiri 12, sai raɓa ta fara kwanciya a kansa.

Shi kuwa tururin, rayuwa ce ke samar da shi. Numfashi da girki da wanka da shanyar tufafi na iyali mai mutum huɗu ana ƙiyasta suna zuba wa iskar gida kimanin lita 10 na ruwa a kowace rana. Gidan da ba zai iya fitar da tururin girki da wanka ba, gini ne mai naƙasa. Wannan shi ne abin da ofishin mai sauraron koke-koken gidaje na Ingila ya jaddada a rahotonsa na Oktoban 2021, inda ya gargaɗi masu gidaje su daina ɗora wa yanayin zaman 'yan haya laifin danshi.

Na'urar Da Ke Jin Danshi

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A batun funfuna kam ido yakan makara, domin kafin baƙin tabo ya bayyana a bango an yi makonni ana shaƙar abin da bai kamata ba. A nan ne fasaha take da rawar takawa ta gaske.

Na'urar auna laima ta zamani ƙarama ce ƙwarai. A cikinta akwai siririn fallen roba da aka sanya tsakanin ƙarafa biyu. Idan iska ta yi laima sai fallen ya sha ruwa, yawan lantarkin da ƙarafan ke iya riƙewa ya sauya, na'urar ta mayar da wannan sauyi zuwa lamba. Kamfanin Vaisala na ƙasar Finlan ne ya fito da wannan dabara kasuwa a shekarar 1973. A yau ana haɗa ta da ma'aunin zafi da ma'aunin iskar kabon-dayoksaid a cikin akwatin da bai fi tafin hannu ba, mai aiki da batir na tsawon shekaru, yana aika bayanai ta iska zuwa ofishin mai gida. Kamfanoni irin su Switchee da Aico suna sayar wa ƙungiyoyin gidaje da ƙananan hukumomin Birtaniya irin waɗannan na'urori.

Shi ma'aunin kabon-dayoksaid yana da tarihi mai tsawo. Tun a shekarar 1858 masanin tsabtar muhalli na birnin Munich a Jamus, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar a riƙa amfani da yawan wannan iska da mutane ke fitarwa a matsayin alamar ko ɗaki yana samun sabuwar iska, ya kuma sanya iyakar kashi 1,000 cikin miliyan. A sararin waje a yau adadin ya ɗan haura kashi 420. Saboda haka ɗakin kwanan da ke kwana a kan 2,000 ko fiye, ɗaki ne da iskarsa ba ta sauyawa.

Idan aka haɗa waɗannan ma'aunai uku, sai a iya rarrabe cuta da cuta kamar yadda likita ke yi. Laimar da ke tashi bayan wanka ta ƙi sauka har sa'o'i tana nuna fankar banɗaki ta mutu. Laimar da ke hawa duk lokacin da aka yi ruwan sama tana nuna rufi ko bango na yoyo. Ɗakin da ke zaune cikin sanyi dare da rana a tsakiyar hunturu yana nuna ko dai na'urar ɗumama gida ta lalace, ko kuma iyalin sun kasa biyan kuɗin wuta. Kowanne da maganinsa daban, kuma babu ko ɗaya daga ciki da fenti yake warkarwa.

Akwai wata fa'ida kuma wadda ba a cika ambata ba. Lamba ba ta da harshe, ba ta da launin fata. Baƙon da Turancinsa bai nuna ba, ko tsohuwar da ke jin nauyin yawan kai ƙara, ana iya yi wa maganarsu riƙon sakainar kashi. Jadawalin da ke nuna laima ta zauna a kan kashi 85 har tsawon wata uku kuwa, shaida ce da ke da wuyar musantawa a ofis ko a gaban alƙali.

Jijiya Ba Tare Da Tsoka Ba

To amma mai karatu na iya tambaya: shin da an liƙa irin wannan na'ura a gidan su Awaab, da ya tsira? Amsar gaskiya ita ce, babu tabbas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin ya faɗa, ya maimaita, jami'ar lafiya ta rubuta. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ɗauki mataki.

Ilimin halittu yana da misali mai kyau a kan wannan. Idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi, abubuwa uku ne ke ceton sa: jijiyar da ke jin zafi, lakar da ke karɓar saƙo ta yanke hukunci, da tsokar da ke janye hannun. Idan jijiyar ji ta mutu, hannu zai ƙone mai shi bai sani ba. Idan kuma tsoka ce ta shanye, mai hannun zai ji zafin sarai amma ba zai iya janyewa ba. Na'urar auna laima jijiya ce kawai. Manhajar da ke tara bayanai wuri guda ita ce laka. Magini da mai gyaran famfo da kuɗin da aka ware musu su ne tsoka. Ƙungiyar da ta kashe kuɗi a kan na'urori ta rage ma'aikatan gyara, ta ƙara wa kanta jin zafi ne kawai ba tare da ikon janye hannu ba.

Wannan giɓi shi ne dokar da aka raɗa wa sunan yaron, wato Dokar Awaab, ta zo ta cike. An sanya ta cikin dokar kula da gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka amince da ita a watan Yuli na 2023, ta kuma fara aiki a Ingila ranar 27 ga Oktoba, 2025. A ƙarƙashinta, da zarar labarin danshi ko funfuna mai haɗari ya isa ga hukuma ko ƙungiyar da ke da gidan, dole ta bincika cikin ranakun aiki 10, ta ba ɗan haya sakamakon a rubuce cikin ranakun aiki 3 bayan binciken, ta kuma kawar da haɗarin cikin ranakun aiki 5. Idan lamarin na gaggawa ne, sa'o'i 24 kacal aka bayar. Idan ba za a iya gyarawa a kan lokaci ba, mai gida ne zai sama wa iyalin wani masauki da kuɗinsa.

Hikimar wannan doka ita ce ta ɗaura wa sani agogo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya kamata gargaɗin da na'ura ta aika ofis ya zama daidai da ƙarar da ɗan haya ya kai da bakinsa, agogon ya fara bugawa daga wannan lokaci. In ba haka ba, na'urar za ta zama ado.

Inda Fasahar Ta Karkata

Dalilin da ya sa ake nanata wannan sharaɗi shi ne, tarihi ya nuna inda fasahar gidajen haya ke karkata idan aka bar ta da kasuwa kaɗai. Misalai biyu daga Amurka sun isa.

Na farko ya shafi aljihu. A watan Oktoba na 2022 kafar binciken labarai ta ProPublica ta wallafa rahoto a kan manhajar YieldStar ta kamfanin RealPage da ke jihar Texas, wadda ke ba manyan masu gidaje shawarar kuɗin hayar da za su sanya. Rahoton ya gano cewa a wata unguwa ta birnin Seattle, kamfanoni 10 ne ke kula da kashi 70 cikin 100 na gidajen haya, kuma dukkansu da manhajar wannan kamfani suke sanya farashi. A watan Agusta na 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka tare da wasu jihohi takwas suka maka kamfanin a kotu, bisa zargin cewa yana tattara bayanan sirri na masu gidajen da ya kamata su yi gasa da juna, yana amfani da su wajen daidaita musu farashi. Kamfanin ya musanta zargin. A wannan shekarar ce kuma birnin San Francisco ya haramta amfani da irin wannan manhaja.

Na biyu ya shafi mutunci. A shekarar 2018 kamfanin da ke kula da rukunin gidajen Atlantic Plaza Towers a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok ya nemi izinin maye gurbin makullan shiga da na'urar gane fuska. Galibin mazauna wurin baƙar fata ne. Fiye da 130 daga cikinsu suka shigar da ƙorafi a hukumance a 2019, kuma kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya janye shirin. Tsoronsu yana da tushe, domin a watan Disamba na 2019 cibiyar gwaje-gwaje ta gwamnatin Amurka, NIST, ta ba da rahoton cewa da yawa daga manhajojin gane fuska sun fi yin kuskure a kan fuskokin 'yan asalin Afirka da Asiya, a wasu lokuta ninki 10 zuwa 100. A shekarar 2021 birnin Niyok ya kafa dokar da ta taƙaita irin bayanan da masu gidaje za su iya tarawa ta hanyar makullan zamani.

A duka misalan biyu an yi amfani da ilimi mai zurfi, an kuma kashe kuɗi masu yawa. Babu ɗayansu da ya ƙara wa ɗan haya ko numfashi guda na iska mai kyau.

Hujjojin Masu Ɗari-Ɗari

Adalci ne a saurari waɗanda ke ɗari-ɗari har da na'urar auna laimar kanta, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce ta sirri. Ma'aunin kabon-dayoksaid yana iya nuna lokacin da aka shiga ɗaki da lokacin da aka fita, har ma a ƙiyasta yawan masu kwana a ciki. Ma'aunin laima yana nuna lokacin wanka da na girki. A hannun mai gidan da ke neman dalilin korar ɗan haya, wannan makami ne. Maganin wannan shi ne a taƙaita abin da ake tarawa ga abin da lafiyar ginin ke buƙata, a nemi yardar mazauna bayan an yi musu bayani da harshen da suke ji, a kuma haramta amfani da bayanan wajen kora ko ƙarin kuɗin haya.

Hujja ta biyu ita ce tsohon zargi na iya dawowa cikin sabuwar riga. Jadawali zai nuna ɗaki yana da sanyi, sai manhaja ta aika wa ɗan haya saƙo cewa ya kunna na'urar ɗumama gida, ya buɗe taga. A watan Afrilu na 2022 hukumar kula da makamashi ta Birtaniya ta ɗaga iyakar farashin wuta da gas da kashi 54 cikin 100 a tashi guda. Iyalin da ke zaɓe tsakanin abinci da ɗumi sun riga sun san ɗakinsu yana da sanyi. Abin da suke buƙata shi ne a lulluɓe bango da abin riƙe zafi, a gyara fanka, a nuna musu hanyar samun tallafi.

Hujja ta uku ita ce ta waɗanda fasaha ke bari a baya. Idan manhaja ta zama ƙofa guda ta kai ƙara, to an rufe wa tsoho da makaho da wanda ba shi da intanet ƙofa. Dole wayar tarho da ofishin da ake samun mutum a ciki su ci gaba da zama a buɗe, kuma duk ƙarar da ta shigo ta kowace hanya ta faɗa cikin kundi guda.

Waɗannan hujjoji suna nuna yadda za a yi amfani da na'urar ne, ba su kai ga a yi watsi da ita ba. Babban sharaɗin da ya tattara su shi ne ɗan haya ya riƙa ganin duk lambar da mai gida yake gani, a lokacin da yake ganinta, ya kuma sami ikon ɗaukar ta zuwa wurin likita ko lauya.

Darasi Ga Biranen Nijeriya

Ko da yake sanyin Ingila daban yake da yanayin Kano ko Kaduna ko Abuja, tsarin da aka bayyana a sama ya fara bayyana a waɗannan birane. Fasahar da ta fara isa gidajen haya ita ce ta karɓar kuɗi: tura kuɗin haya ta waya, mitar wuta ta kati, tallan gidaje a intanet. Wadda ke kare rai ba ta iso ba tukuna. Bangon da ke shan ruwa daga ƙasa da damina yana tsirar da funfuna iri ɗaya da ta Rochdale. Hayaƙin janareta da aka kunna a baranda ko a lungun da iska ba ta ratsawa yana ɗauke da kabon-monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke manne wa sinadarin jini mai ɗaukar iskar shaƙa da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙar fiye da sau 200. Sau da yawa an wayi gari da labarin iyalin da suka kwanta ba su tashi ba saboda ita. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ƙarama ce, da batir take aiki. A Ingila doka ta wajabta wa masu gidajen haya sanya ta a ɗakunan da ke da murhun ɗumama gida, kuma tun daga Oktoban 2022 wajibcin ya haɗa da gidajen hukuma. Majalisun jihohi da hukumomin tsara birane suna da abin koyi a nan. Ta fuskar sirri kuma, dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a shekarar 2023 ta ba da tushen da za a ɗora ƙa'idoji a kai tun kafin na'urorin su yawaita.

Kammalawa

A taƙaice, kimiyya ta riga ta sauke nata nauyin. An san abin da funfuna ke buƙata domin ta rayu, an san matakin laimar da take tsiro a kai, an kuma ƙera na'ura mai araha da ke hango ta makonni kafin ido ya gan ta. Abin da ya rage aikin masu gidaje ne da 'yan majalisa da alƙalai. Duk mai gidan da aka kawo wa tallan sabuwar fasaha, da duk hukumar da za ta ba shi izini, ya kamata su yi tambayoyi uku: me wannan na'ura take aunawa, wa zai ga sakamakon, kuma cikin kwana nawa mai gyara zai ƙwanƙwasa ƙofa bayan ta yi gargaɗi? Fasahar da ta amsa waɗannan tambayoyi da kyau ta cancanci kuɗin da aka kashe mata, domin rigakafi ya fi magani. Wadda ta kasa amsa ta ukun kuwa, abin da za ta bari shi ne cikakken kundi na yadda aka sani aka ƙi gyarawa.